Dodon Roba: Tsofaffin Fina-finan Lovecraft da Dalilin da Ya Sa Suke Ba Mu Dariya

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba. Daga Sabon Tasha nake magana, waɗanda suka ji ƙarar janareta a cikin sautin su yi haƙuri, na maƙwabta ne.

Yau hirar fim za mu yi. Duk wanda ya taso a zamanin faifan nan mai fim ashirin a ciki ɗaya ya san Evil Dead. Samari da 'yan mata sun je wani gidan katako a tsakiyar daji, sun tarar da littafi mai bangon fatar mutum da wata rikoda, sun kunna, shi ke nan aka tashi abin da ke barci. Sam Raimi ne ya shirya shi a 1981, ya yi na biyu a 1987, kuma a na biyun ne aka kira littafin da sunan Necronomicon. To wannan suna aro ne. Mai shi wani marubucin Amurka ne, Howard Phillips Lovecraft, wanda ya rasu shekara 44 kafin Evil Dead na farko ya fito. Yawancinmu mun sha ruwan rijiyarsa ba mu san wanda ya haƙa ta ba.

An haife shi a 1890 a garin Providence, ya rasu a nan a 1937 yana ɗan shekara 46, cikin talauci. Gajerun labarai yake rubutawa yana sayar wa mujallu masu arha irin su Weird Tales, waɗanda ake bugawa a takarda mai saurin yagewa. Bai ci moriyar sunansa ba. Sai bayan mutuwarsa abokansa biyu, August Derleth da Donald Wandrei, suka kafa kamfanin ɗab'i mai suna Arkham House a 1939 don kada rubutunsa ya ɓace.

Sai an gane irin tsoron da yake sayarwa kafin a gane abin da ya samu fina-finan. Ku tuna namu na gida: Living in Bondage na 1992, Nneka the Pretty Serpent na 1994, Karishika. A duk cikinsu mugun abu yana da suna, yana da dalili, yana da magani. Wani ya yi kwaɗayin kuɗi ya ba da matarsa, fatalwarta ta hana shi sakat, a ƙarshe aka kai shi wurin addu'a. A fina-finan Hausa ma in aljani ya shiga yarinya, malam zai zo da ruƙiyya, a tambayi aljanin sunansa da abin da yake so, a kore shi. Na Indiya irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, waɗanda 'yan gidan Ramsay suka yi, su ma hakan ne, akwai abin tsarki da ake nuna wa dodo ya faɗi. Wato komai munin abin, duniya tana da tsari, kuma kai ɗan Adam kana da muhimmancin da har Shaiɗan zai ɓata lokacinsa a kanka.

Lovecraft ya cire wannan. A labaransa akwai wasu halittu da suka zo daga can cikin taurari tun kafin a yi mutum, wasu suna barci a ƙarƙashin teku, kamar Cthulhu, ku kira shi Kutulu don sauƙi, wanda labarinsa ya fito a 1928. Ba sa ƙin ka. Ba su ma san kana nan ba, kamar yadda tifar yashi a kan hanyar Kachia ba ta san ta taka tururuwa ba. Galibi ba addu'ar da ake karantawa a ƙarshe, ba jarumin da ke cin nasara. Wanda ya yi bincike ya gano gaskiya, ko ya mutu ko ya zauce. Mai imani, Kirista ko Musulmi, ba zai yarda da wannan hoton duniya ba, ni ma ban yarda ba, shi kuwa marubucin bai yi imani da kowane addini ba. Amma a matsayin dabarar tsorata mai karatu, abin yana aiki.

Dabararsa ɗaya ce babba: ba ya nuna maka. Zai kai ka bakin ƙofa, ya ce mai ba da labarin ya leƙa, ya ga abin da harshe ba zai iya faɗa ba, sai ya bar ka da zuciyarka ta ƙarasa zanen. Kakanninmu sun riga shi sanin wannan. Wa ya taɓa faɗa maka kamannin Dodo na tatsuniya dalla-dalla? An ce yana da gashi, yana da girma, yana haɗiye mutum. Sauran kai ka ƙera shi a cikin duhun ɗaki, shi ya sa Dodon kowa daidai tsoronsa yake.

To kyamara ba ta san wannan kunya ba. Wanda ya biya kuɗin tikiti so yake ya gani. Kuma waɗanda suka fara ɗaukar labaran Lovecraft ba manyan kamfanoni ba ne, masu fim ɗin sauri ne, a ɗauka cikin 'yan makonni a kai sinima a mayar da kuɗi.

Na farko shi ne The Haunted Palace na 1963, wanda Roger Corman ya ba da umarni, Vincent Price ya fito a ciki. Labarin na Lovecraft ne, The Case of Charles Dexter Ward, na wani mutum da ruhin kakansa matsafi ya dawo ya karɓe jikinsa. Amma kamfanin American International Pictures ya ga ba wanda ya san Lovecraft a lokacin, alhali fina-finan Edgar Allan Poe suna kawo musu kuɗi. Sai suka ɗauko sunan wata waƙar Poe suka laƙa wa fim ɗin, suka tallata shi a matsayin na Poe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Price yana wasa da gira da murya kamar mai wasan daɓe, hazo ya cika ko'ina saboda ya rufe ƙarancin kayan ɗauka, dodon da ke cikin rami kuwa sai aka nuna shi dishi-dishi, kore-kore, kamar ana kallonsa ta ƙasan kwalba.

Wanda ya fi nuna matsalar ƙarara shi ne Die, Monster, Die! na 1965. An ɗauko shi daga The Colour Out of Space na 1927, labarin da ni a ganina ya fi duk abin da mutumin ya rubuta. Wani dutse ya faɗo daga sama kusa da rijiyar wani manomi. A cikinsa akwai wani launi da ido bai taɓa gani ba, ba ja ba, ba shuɗi ba, ba ya cikin launukan duniya. Amfanin gona ya yi girma ya yi kyau amma ba ya ciwuwa saboda ɗaci, dabbobi suka fara lalacewa, matar gidan ta zauce, 'ya'yan suka bi ɗaya bayan ɗaya, komai ya koma toka-toka yana marmashewa. Iyalin kuma suka ci gaba da shan ruwan rijiyar, don ina za su? Duk wanda ya zauna kusa da inda masana'anta ke zubar da dagwalo ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba.

Yanzu ka zama darakta. Ta yaya za ka ɗauki launin da babu shi? Daniel Haller ya zaɓi kore mai ƙyalli. Ya mayar da labarin Ingila, ya mai da talakan manomi attajiri mai katafaren gida, ya zaunar da tsoho Boris Karloff a keken guragu, ya ƙara saurayi Ba'amurke da ya zo ɗaukar budurwarsa. A ƙarshe maigidan ya rikiɗe ya zama wani mutum mai ƙyallin azurfa yana bin mutane a guje, kamar wanda aka naɗe da takardar cikin kwalin sigari. Tausayin da ke cikin labarin duk ya tafi. Shekaru da yawa bayan haka wani fim ɗin Jamus, Die Farbe na 2010, ya yi wayo: ya ɗauki komai a baƙi da fari, launin nan kaɗai ya bari da kala. Na Nicolas Cage na 2019 ya zaɓi wani ja mai sirkin shuɗi. Kowa dai sai ya zaɓi wani abu daga cikin akwatin fenti, kuma da ya zaɓa, abin ya zama launi kawai.

Haller ya sake gwadawa a 1970 da The Dunwich Horror. A littafi, Wilbur Whateley wani ƙato ne mai siffar bunsuru wanda karnuka ba sa ƙaunar warinsa, ɗan'uwansa kuma dodo ne da ido ba ya gani. A fim sai ga Dean Stockwell, kyakkyawan saurayi mai gashin baki, yana yaudarar ɗaliba da shayi. In dodon zai kawo hari sai hoton ya dinga walƙiya da ja da shuɗi kamar talabijin ɗin da ta sha wutar NEPA mai ƙarfi.

Irin wannan fim Turawa ke kira camp: an yi shi da fuska a murtuke, 'yan wasa sun dage iya ƙarfinsu, amma komai ya wuce gona da iri har tsoron ya juye ya zama nishaɗi. Ni dodon roba nake ce musu. Mun san abin sarai. Ka sake kallon Karishika yau, wanda ya hana ka fita fitsari da dare kana yaro, ka ga ko ba za ka riƙe ciki ba in aka zo wurin da wuta ke fita daga ido.

Sai 1985 aka samu wanda ya gane cewa in dariyar nan ba makawa ce, gara a yi ta da gangan. Stuart Gordon, mutumin wasan daɓe daga Chicago, ya yi Re-Animator da kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. Jeffrey Combs ya fito a matsayin Herbert West, ɗalibin likitanci da ya haɗa wani ruwan allura kore shar mai tayar da gawa. Matsalar ita ce gawar tana tashi ne a haukace. Ya fara da kyanwa, ya koma ɗakin ajiye gawa, har aka kai ga wani malaminsu da aka sare wa kai, gangar jikin tana yawo ɗauke da kan a cikin tire, kan kuma yana ba ta umarni yana tsaki in ta yi tuntuɓe. Combs bai yi murmushi ko sau ɗaya don ya nuna maka wasa ake ba, kuma wannan ne ya sa abin ya yi daɗi. Abin lura, shi Lovecraft bai ɗauki wannan labari a bakin komai ba. Ya rubuta shi kashi shida a 1922 don wata mujallar barkwanci mai suna Home Brew, saboda yana neman na cefane. Labarin da mai shi ya raina shi ne ya ba da fim mafi daɗi, saboda a cikinsa babu abin da ba ya nunuwa. Gawa ce da allura da jini, kyamara ta iya wannan.

Shekara ɗaya bayan haka Gordon ya yi From Beyond a Italiya. Labarin asali 'yan shafuka ne, har fim ɗin ya cinye shi tun kafin a rubuta sunayen 'yan wasa, sauran duk ƙari ne. Amma tunanin da ke ciki zai yi wa Bahaushe kama da na gida: wani masani ya ƙera na'urar da ke buɗe wa mutum ido, sai ya ga ashe akwai halittu da ke iyo a cikin iska kewaye da mu kullum. Matsalar, in ka gan su, su ma sun gan ka. Mu da muka taso ana ce mana kada mu zuba ruwan zafi a ƙasa da dare saboda mutanen ɓoye, ba mu buƙatar dogon bayani.

Bari in ɗan ratse kan littafin nan Necronomicon, don na sha ganin ana tura wani fayil a guruf-guruf wai shi ne littafin tsafi mafi haɗari a duniya, wani Balarabe ya rubuta. Babu shi. Lovecraft ne ya ƙirƙire shi, kuma ya faɗi haka da kansa a wasiƙun da ya mayar wa masu tambaya. Ya ƙirƙiro masa marubuci, Abdul Alhazred, wai mawaƙi ne daga Sana'a ta Yaman da ya mutu a Dimashƙu. Sunan ma tun yana yaro ya laƙa wa kansa shi bayan ya karanta Dare Dubu da Ɗaya. Duk ɗan Islamiyya zai ga gyara a sunan, don Abdul ya riga ya ɗauki al, ga kuma wata al ɗin a gaba. Wanda ke yawo a intanet yawanci wani ne da aka buga a New York a 1977 da sunan wani Simon, an haɗa shi da guntattakin tatsuniyoyin tsohuwar Iraƙi don a sayar. Kada wani ya karɓi kuɗinka a kansa.

Wannan Balaraben mahaukaci ya kawo mu ga abin da ya sa na ga hirar ta shafe mu. Lovecraft mai tsananin wariyar launin fata ne, har a ma'aunin zamaninsa. Ya zauna a New York daga 1924 zuwa 1926, ganin baƙi 'yan ci-rani da baƙaƙen fata a titi ya dinga tayar masa da hankali, ya zuba wannan ƙyama a labarin The Horror at Red Hook. A labarin Kutulu, masu bauta wa dodon su wane ne? Ma'aikatan jirgin ruwa baƙaƙe da barbarar yanyawa. A cikin Herbert West ɗin ma akwai wani ɗan dambe baƙar fata da ya siffanta kamar dabba, Gordon ya watsar da wannan kashi bai sa a fim ba. In ka bi diddigin abin nan da ba ya faɗuwa, sau da yawa za ka tarar mutum ne kawai wanda bai yi kama da marubucin ba.

Ku dubi The Shadow over Innsmouth, wanda ya rubuta a 1931. Wani matafiyi ya ji labarin wani gari a bakin teku da kowa ke gudu. Daga bakin wa ya fara ji? Mai sayar da tikiti a tasha. Mutanen can ba irinmu ba ne, idonsu daban, addininsu daban, kada ka kwana. Sai wani tsoho mashayi ya ƙarasa masa: ai sun yi auratayya da halittun ruwa. Abin tsoron gaba ɗaya auren gauraye ne, kuma ƙarshen labarin shi ne matafiyin ya gano jinin yana jikinsa.

Ni ɗan Kaduna, wannan murya ta mai tikiti na san ta. Bayan rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002, garin nan ya rabu a kan kogi. Kiristoci da yawa suka tattaro zuwa Sabo, Television, Narayi, Unguwar Romi, Gonin Gora, Musulmi da yawa suka koma Tudun Wada, Rigasa, Kawo. Har wasu na kiran can Makka, nan Urushalima. An kashe mutane na gaske, iyayenmu ba mafarki suka yi ba, kuma ba zan ce wa wanda ya binne ɗan'uwansa tsoronsa roba ne ba. Amma mu da muke goye ko muke rarrafe a lokacin, me muka gada? Labari. Akwai ɗan Sabo da ya gama jami'a bai taɓa shiga Rigasa ba, akwai ɗan Rigasa da ya ɗauka in ya sauka a kasuwar Sabo da hula ba zai koma gida ba. Kowanne yana da Innsmouth ɗinsa a tsallaken gada, kuma kowanne daga bakin wani mai tikiti ya ji. Alhali masu satar mutane da suka kwashe ɗalibai sama da ɗari a makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021, da waɗanda suka kwashe sama da ɗari a Kuriga a Maris ɗin 2024, duk a ƙaramar hukumarmu ta Chikun, ba su tsaya tambayar sunan kowa ba.

Shi ya sa nake jin daɗin Dagon na 2001, inda Gordon ya ɗauki labarin Innsmouth ya kai shi wani ƙauyen masunta a Sifaniya. Tunda fim ne, dole ya nuna mutanen garin. Sai ga su: 'yan wasa sanye da fuskar roba suna ɗingishi cikin ruwan sama, suna gurnani, wani ya ɓoye hannunsa a cikin riga. Minti goma ka daina jin tsoronsu, ka fara dariya, can kuma ka fara jin tausayinsu. Abin da marubucin ya gina da jita-jita, kyamara mai arha ta rushe shi ba tare da ta yi niyya ba. Masoyan Lovecraft na ainihi suna cewa waɗannan fina-finai sun ci amanarsa. Gaskiya ne sun ci, ni dai ban ga asara a wannan ɓangaren ba.

Kuma 'yan Najeriya suna cikin waɗanda suka juya masa labarin. A 2011 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, ta ci kyautar World Fantasy da littafinta Who Fears Death. Kyautar da aka miƙa mata gunkin kan Lovecraft ne. Daga baya ta ga wata waƙa da ya rubuta a 1912 kan baƙar fata, wadda ko sunanta ba zan iya faɗa a shirin nan ba, sai ta yi rubutu a kan yadda mutum zai ajiye kan wanda ya raina shi a falonsa. Muhawarar ta yi ta ƙaruwa har aka daina ba da gunkin bayan 2015. A 2016 Victor LaValle ya sake rubuta labarin Red Hook daga idon wani baƙar fata ɗan Harlem. A 2020 tashar HBO ta fitar da Lovecraft Country, inda dodanni suke nan amma 'yan sandan Amurka na shekarun 1950 suka fi su ban tsoro. Wadda ta fito a matsayin Ruby a ciki, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta a 1986 kafin iyayenta su koma Manchester. Nan da Zariya fa, motar haya ɗaya daga Kawo.

Ga mai son gwadawa, ka fara da The Haunted Palace, ba jini sosai, za ka iya kallo da ƙannenka manya. Die, Monster, Die! a kalle shi cikin taro, don shi kaɗai ba ya daɗi sai da masu tsokaci. Re-Animator da From Beyond da Dagon kuwa, ina gaya muku tun yanzu, akwai jini da tsiraici da wuraren da ba su dace ba ko kaɗan, musamman abin da aka yi da 'yar wasa Barbara Crampton a na farkon, wanda ni ban ga uzurinsa ba. Ba na yara ba ne, ba kuma na falo ba ne. Wanda yake son ganin yadda za a yi abin da mutunci, ya nemi The Call of Cthulhu na 2005, wanda wata ƙungiyar masoyan marubucin ta yi da ɗan kuɗi kaɗan, baƙi da fari, ba magana sai rubutu, kamar an ɗauke shi a 1926. Bai kai awa ɗaya ba, ba zai cinye maka data ba.

Ku rubuto mana fim ɗin da ya hana ku barci kuna yara wanda yanzu yake ba ku dariya, ku faɗi unguwar da kuka kalle shi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.